Kwamfutar kwantam za ta fasa asusun bankina?

Tambaya: Malam, ina sana'ar POS a Kantin Kwari. Na ji wai wata sabuwar kwamfuta, kwantam, za ta fasa sirrin bankuna. In kwashe kuɗina ne?

Amsa: Alhaji, bar kuɗinka inda suke. Makullan da ke tsare tiransifa, irin RSA, lissafi ne: ninka manyan lambobi biyu ba wuya, amma a gano su daga sakamakon, kwamfutar yau sai ta shekara aru-aru tana fama. A 1994 masanin lissafi Peter Shor ya nuna kwamfutar kwantam, wato mai yin lissafi da ɗabi'ar ƙwayoyin zarra, in tana da ƙarfi sosai za ta warware wannan cikin hanzari. Sai dai har yau ba a ƙera mai wannan ƙarfin ba, waɗanda ake da su kurakurai sun yi musu yawa.

Abin da ke damuna sosai shi ne masu kwasar rufaffun bayanai yau, su adana, su jira ranar buɗewa. Shi ya sa a Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin fasaha, ta fitar da sababbin makullai masu jure kwantam. Ya kamata bankunanmu su soma sauyawa tun yanzu.

Kai kuwa, duk wanda ya kira ka yana neman OTP ko lambar katinka, katse kiran.