Amsa: Fim ɗin Three Sisters na Ingila ya bi wasan Chekhov?

Malam, ka tambaya ko fim ɗin da Laurence Olivier ya ba da umarni a 1970 ya bi wasan kwaikwayon Anton Chekhov, marubucin Rasha. Ya bi shi sau da ƙafa, don daga dandalin National Theatre na Landan aka ɗauko shi. 'Yan'uwa mata uku ne, Olga, Masha da Irina, sun maƙale a wani garin Rasha, kullum bakinsu Mosko, Mosko, amma ba su koma ba. Joan Plowright, matar Olivier, ita ce Masha. Duba fuskarta lokacin da Vershinin, hafsan sojan da Masha ke so, zai tafi da sojojinsa. Sai dai ka tanadi haƙuri, hira ce zalla. Ni sai da na raba shi dare biyu.