Kurus ɗin motata ya ƙi saki bayan na taka birki, me ya jawo?

Tambaya daga wani direba a Daura: Salam oga, ina da Toyota Tacoma ƙirar 2000 mai giyar otomatik, ina ɗaukar buhuna da ita tsakanin Daura da Kano. Kurus ɗinta (na'urar da ke riƙe gudun mota ba tare da an taka totur ba) ya daina kamawa, fitilar tana kawowa amma in na saita baya riƙewa. Na kai wa wani mai waya ya ce ƙaramin abu ne ya haɗa wasu wayoyi a ƙarƙashin sitiyari ya dawo aiki. To shekaranjiya wajen Kazaure na taka birki naji injin na ci gaba da ja, wallahi har yanzu gabana faɗuwa yake. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam malam, Allah ya ƙara tsarewa. Kafin komai kada ka sake danna kurus ɗin nan sai an kwance abinda mutumin ya haɗa, kuma yau ɗin nan ka sa yaro ya tsaya bayan motar ka taka birki ya gaya maka ko danja na kamawa, don ina zargin ita ma ta tafi ba ka sani ba.

Abinda ya yi maka kusan kullum sai na gan shi a garejinmu nan Katsina. A saman fedar birki akwai suwic mai ƙafa huɗu. Biyu na kunna danja su kuma gaya wa kwamfutar kurus an taka birki, sauran biyun su ne ke yanke wutar da ke zuwa ga ɗan injin da ke jan wayar totur. Da gangan aka yi hanya biyu don in ɗaya ta mutu ɗayar ta cece ka. In suwic ɗin ya gaji kurus sai ya ƙi kamawa kwata-kwata, wannan ƙin ba lalacewa bane, motar ce ke ƙin riƙe gudun da bata da tabbacin zata iya saki. Sai wani ya zo da ƙwan gwaji ya ga wuta ta tsaya a suwic, ya feƙe waya ya tsallake shi ya naɗe da salatif ya ce ai ya yi dairek, ya karɓi kuɗinshi. Abin na ɓata min rai matuƙa, domin shi ba zai hau motar ba, kai ne zaka hau da lodi a baya, ga 'yan acaɓa ga shanu na tsallaka titi, birki na dannewa injin na turawa. Kuma masu mota ma da laifinku, in muka ce a sayo suwic sai a ce muna son cin kuɗi ai wancan ya gyara ba tare da an sayi komai ba. Nawa suwic ɗin yake, ko rabin tankin mai bai kai ba. Irin Toyota ɗin nan tana sakin kurus da kanta in gudu ya faɗo da kamar kilomita 16 ƙasa da inda ka saita, mai yiwuwa shi ya taimake ka ranar, amma a gudun 100 kafin a kai nan an ci ƙasa mai yawa.

Haka masu ɗaure fis da zaren waya. Su je su tambayi abinda ya faru da Ford a Amurka, suwic ɗin kashe kurus da ke jikin tukunyar man birki yana da wuta ko mota na kashe, man birki ya riƙa tsiyaya ciki yana haɗa gobara mota na ajiye, sai da kamfanin ya kira miliyoyin motoci aka gyara, harda F-150. Duk mai tsohuwar Ford ya sa a duba mashi wannan wurin, in ya ga jiƙewar mai a soket ɗin a zare shi nan take.

Gyaran gaskiya kuwa baya da wahala. A cire haɗin, a sa sabon suwic a saita tazararshi, a duba ɗan robar da ke jikin fedar wanda suwic ɗin ke tokarewa, zafin garinmu na farfasa shi ya zube, in ya zube danja zata zauna a kunne har ta cinye batir. A duba fis ɗin danja da ƙwayayen baya. In har yanzu bai kama ba kalli maleji, in allurar na rawa ko tana faɗuwa to sensar gudu ce a jikin giyabos ko soket ɗinta ya sha ƙura da mai, kuma ka tuna ƙasa da kilomita 40 dama baya kamawa. In hon ma ya ɗauke ko fitilar iyabag (jakar iskar da ke kare direba in an yi haɗari) ta kawo, wayar nan mai naɗi ta cikin sitiyari ce ta tsinke, a nan dole a cire kan batir a jira aƙalla daƙiƙa 90, kuma duk soket mai ruwan ɗorawa kada a kusance shi da ƙwan gwaji, jakar na iya fashewa a fuskar mutum. Tunda hatsi kake ɗauka a bi wayoyin cikin bonet da hannu, ɓeraye sun sha yi mana wannan ɓarna.

In ya sake riƙe ka a hanya, kashe maɓallin kurus ɗin, in bai saki ba tura giya zuwa firi ka ci gaba da taka birki, kada ka murɗe makulli mota na gudu sitiyari zai yi nauyi. Bayan gyara ku fita da mai wayar tare a fili inda babu mutane, a saita a 50 a taɓa birki kaɗan, in bai saki nan take ba kada ka karɓi motar.