Binne muka yi, 'yata

'Yata, saƙonki ya iso, ƙanenki ya karanta mini shi a waya har sau biyu. Kin ce abu biyu sun tsaya miki a rai tun ranar jana'izar Kaka. Na ɗaya, yadda 'yan Zumuntar Mata na coci suka sha anko suna waƙa suna kaɗa tulu har bakin kabari, kamar masu rakiyar amarya. Na biyu, matar nan da ta dafa kafaɗarki kina kuka ta ce, "Ke ba ki da bangaskiya ne?" Shi ne kike tambaya ko waƙar nan al'ada ce ko koyarwar Littafi, kuma ko kukanki laifi ne.

Bari in fara da na biyun, don shi ya fi ci mini rai. Matar nan ba ta kyauta ba, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ta faɗa. Buɗe Yohanna sura 11. Li'azaru ya kwana huɗu a kabari, Yesu ya san sarai zai tashe shi a ranar, amma da ya ga Maryamu da 'yan zaman makoki suna kuka, shi ma hawaye ya zubo masa. Wa zai ce masa ba shi da bangaskiya? Manzo Bulus ma, da ya rubuta wa masu bi na Tasalonika a kan 'yan'uwansu da suka mutu, bai hana su baƙin ciki ba. Cewa ya yi kada baƙin cikinsu ya zama irin na waɗanda ba su da bege. Ni da kika gani a gaba ina amshi, da dare na shiga ɗakin Inna, kakar taki, na rungumi zanenta na yi kuka har muryata ta dishe.

Batun waƙa kuwa, wani sashe gado ne. A ƙasar Hausa in tsoho ya cika da kwanaki masu yawa, jikoki kan yi wasa, su ɗauki sandarsa, su kwaikwayi tafiyarsa, su tare iyaye sai an ba su kuɗi. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san wasan jika. Amma abin da ke cikin waƙar ba gado ba ne. Inna ta sha gaya mana cewa a gidan ubanta, kafin bishara ta shigo, in aka yi mutuwa tambayar farko ita ce, "Wa ya ci shi?" Sai a shiga zargin maita, 'yan'uwa su daina cin abincin juna. Ita ta ga wancan zamani ta ga wannan, shi ya sa ta bar wasiyya da bakinta cewa a raka ta da waƙa.

Ki duba kalmomin biyu da kyau, don Hausarmu ta riga ta yi mana rabin wa'azin. Bangaskiya, ai ba da gaskiya ne: wani ya yi magana, ka yarda da shi, ka ɗora nauyinka a kan maganarsa. Bege kuma, kafin ya shiga Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka kammala a 1932, kalma ce ta mai kewa. Uwa tana begen ɗanta da ya tafi cin rani, amarya tana begen gida. Fassarar da ta zo daga baya ta fi yawan cewa "sa zuciya", ita ma daidai ce, amma ni tsohuwar kalmar ta fi zauna mini, saboda ba a begen wanda ba a sani ba. Sai ka san mutum ka amince da shi kafin zuciyarka ta riƙa leƙen hanya. Nan ne bege ya rabu da fata. Fata shi ne ka ce Allah ya sa gobe a yi ruwa, ko a yi ko kada a yi. Bege yana da wanda ya yi alkawari a bayansa. Shi ya sa Ibraniyawa 11 ta ɗaure su da igiya ɗaya tun ayar farko, ta ce bangaskiya ita ce tabbacin abin da muke begensa.

Ke 'yar makaranta ce, amma kin san binne. Manomi ya ɗebo iri ya zuba a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya rufe ya koma gida. A farin 1973 ina budurwa, Baba ya yi binne, aka ɗan yi yayyafi, gero ya tsiro ya ƙone. Abin da ya rage na iri Inna ta zuba a tulu ta liƙe bakin da laka. Muna cin tafasa da rama, ƙannena suna kukan yunwa, ga gero a ɗaki, ta ce ko ƙwaya ba mai taɓawa. Na ji haushinta a lokacin, Allah ya sani. Hannun da ya ɗebi hatsin da za a iya ci yau ya zuba shi a ƙasa, wannan bangaskiya ce. Abin da ke fito da mutum kowace yamma ya dubi gabas ko hadari ya haɗu, ya sa shi wasa fartanya alhali gona fayau take, wannan bege ne. Wanda bai yarda ba ba zai shuka ba. Wanda ya shuka kuma ya daina sa rai, ciyawa za ta cinye gonar yana kwance.

To kalmar da muke faɗa wa iri ita muke faɗa wa gawa. Mun binne Inna. Bulus ma da shuka ya kwatanta abin a 1 Korintiyawa 15, ya ce ana shuka jiki da rauni, a tashe shi da iko. Sai dai kada misalin ya ruɗe ki, binnen manomi yakan lalace, namu ma ya lalace a shekarar nan. Bambancin shi ne a wannan gonar an riga an ci tumu. Almasihu ya tashi, shi ne nunan fari, kuma wanda ya gasa tumu ya ci ba ya tambaya ko kaka za ta zo. Abin da matan nan suke kaɗa wa tulu ke nan.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Ɗana na biyu ƙyanda ta ɗauke shi yana shekara uku. Ranar ba wanda ya kaɗa komai, mata sun zauna kewaye da ni suna waƙa ƙasa-ƙasa, don ba a raka yaro yadda ake raka tsohuwa. Na yi watanni bakina ba ya iya addu'a. In aka ce Allah mai alheri ne sai in sunkuyar da kai. Amma ina son in sāke ganin yaron nan, kuma wuri ɗaya ne kawai aka yi mini alkawarin haka. Begen nan ne ya riƙa jan ƙafata zuwa sujada har bangaskiyata ta farfaɗo. Lokacin jinyar mijina kuma sai abin ya juya. Shekara biyu muna roƙon warkewa, har na daina ganin haske a gaba, abin da ya rage mini shi ne na san wanda na ba gaskiya. Shi ya sa raina ke ɓaci da masu wa'azin da ke cewa in kana da bangaskiya dole ka warke, dole ka yi arziki. Sun ɗauki fatan mutum sun sa masa rigar alkawarin Allah, in abin bai faru ba sai su bar mara lafiya da ciwo biyu.

Inna ta bar miki littafin waƙoƙinta, ta ce a ba kishiyarta. Bangon ya cire, ta ɗinke shi da zare, kuma za ki ga inda ta naɗe shafukan waƙoƙin da ta zaɓa a yi mata. Yana cikin akwatina. In kin zo hutun Ista sai mu je kabarin tare da safe, ki yi kukanki ba mai hana ki, in kin gama in koya miki amshin. Ki gai da mutanen ɗakinku.

Gwaggonki