Kafin intanet ya yaɗu, ta wayar tarho malamai ke ɗebo darasin sararin samaniya

Tambaya: Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare a Gusau. An ce tun kafin intanet ya shiga gidaje, NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, tana bai wa malamai darussa ta kwamfuta. Ta yaya? Mu da muke da intanet ɗin ma data ba ta isar mu.

Amsa: Gaskiya aka faɗa maka, Malam. Sunan shirin Spacelink, kuma cibiyar Marshall da ke Huntsville a jihar Alabama ce ta buɗe shi a 1988. Kwamfuta aka ajiye, aka jona mata layukan tarho. Malami zai haɗa tasa da modem, wato na'urar da ke jona kwamfuta da layin tarho, ya buga lambar, modem ɗin ya yi ta tsuwa da ƙara har ya gaisa da na can. Sai jerin zaɓi ya fito, rubutu zalla: ga tsarin darasi, ga sanarwar hukumar, ga halin da kumbo yake ciki, ga jadawalin talabijin ɗin NASA. Kana iya barin tambaya ka dawo ka tarar da amsa. Shiga kyauta ne, amma kuɗin kiran nesa yana wuyanka, kuma muddin kana ciki babu mai samun ku a layin.

Modem mai gudun 2400 yana kawo haruffa kusan 240 a daƙiƙa. Hoton bikin nan mai megabait 3 da ke wayarka, a wannan gudun sai ya ci awa uku da rabi kafin ya sauka.

To a nan maganarka ta data ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Wanda kowane minti kuɗi ne a wurinsa ba ya shiga ya yi ta leƙe-leƙe. Ya san abin da ya zo nema, ya ɗauka, ya kashe layi, ya adana a faifai, ya buga a takarda. Mu kuwa bidiyon husufin rana ɗaya za mu kalla a YouTube ranar Litinin don aji ɗaya, mu sake kallonsa Laraba don aji biyu, sau biyu muna biyan kuɗin abu guda, sannan mu zagi kamfanin waya. Wallahi abin yana damuna, domin yaran ne ke asara ranar da sabis ya ɗauke. Har yanzu NASA tana ajiye kayan koyarwa kyauta a shafinta, da Ingilishi. Sauke su da garaɓasar dare, ka buɗe wa kowane aji jakarsa a memori, ka tura wa abokan aikinka ta Xender. Ka kuma hana WhatsApp sauke bidiyo da kansa, domin zauren 'yan ajinku na da shi ke cinye maka data, ba kimiyya ba.

Tambaya: Na tsinci tsohon modem a sito. Zan iya shiga Spacelink da shi?

Amsa: Ba za ka iya ba. Layin kiran ya daɗe da rufewa. Goge masa ƙura ka kai aji yara su gani.

Tambaya: Najeriya tana da irin wannan hukuma kuwa?

Amsa: Haba ɗan'uwa, tana nan a Abuja! NASRDA sunanta, an kafa ta a 1999, kuma a 2003 aka harba tauraron ɗan'adam ɗinta na farko, NigeriaSat-1, daga Rasha.