Amsa: Yaya ƙanƙara take zama kogi a kan tsauni?

Ƙanwata ta Tudun Wada, kin tambayi dalilin da ake kiran Siachen kogi alhali ƙanƙara ce, da abin da ya hana ta ƙarewa.

Siachen tana ɓangaren gabas na tsaunukan Karakoram, yankin da Indiya da Pakistan ke jayayya a kai. Tsawonta kusan kilomita 76, wato kamar daga Kaduna zuwa Zariya. Ta faro ne daga tsayin sama da mita 5,700, inda sanyi ke hana dusar ƙanƙara narkewa. Kowace shekara sabuwa tana danne tsohuwa har ta dunƙule ta yi tauri, sai nauyinta ya riƙa tura ta gangare sannu a hankali kamar kogi, tana nuƙe duwatsu, tana goye da tsakuwa a bayanta. Can ƙasa, wajen mita 3,600, take narkewa, ruwan ya zama Kogin Nubra, ya faɗa Kogin Shyok, daga nan Kogin Indus.

Kada ki rubuta cewa ba ta narkewa: ƙasanta na narkewa, samanta na ƙaruwa. Kuma Karakoram daban, Himalaya daban. Da yawa suna haɗa su.

In aikin makaranta ne, ki nuna wa malaminku na labarin ƙasa taswirarki ya duba.