Makefile, build.bat da Xcode: yaya za mu haɗe su wuri ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da laburare na yaren C. A Linux da Makefile muke gina shi, a Windows da build.bat, a Mac kuma da Xcode. Duk sabon fayil sai an rubuta sunansa wuri uku, kuma kullum sai an manta da ɗaya. CMake za mu koma ko Meson? Sannan dole ne sai mun sayi Mac don gwaji?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ku ɗauki CMake. Shi da Meson manhajoji ne da ke tsara gini a dukkan tsarukan uku daga bayani guda. Meson ya fi daɗin karatu, shi ne ma GNOME ke amfani da shi. Amma laburare don wasu ake yin sa, kuma masu amfani da Visual Studio (manhajar Microsoft ta rubuta shiri) da vcpkg (mai girka laburare) da CMake suka saba. Manyan ayyuka ma sun koma: LLVM ta ajiye tsohon tsarin gininta, autoconf, ta rungumi CMake a 2016, Qt 6 ta biyo baya a 2020.

Kada ku goge tsofaffin fayilolin tukuna. Ku rubuta CMakeLists.txt, fayil ɗin umarnin CMake, a gefensu, ku fara da Linux, sannan Windows, don can rigimar take. A Linux, fayil ɗin laburaren (.so) yana fitar da duk ayyukan (functions) da ke cikinsa kai tsaye. DLL kuwa, takwaransa na Windows, ba ya fitar da komai sai abin da aka yi wa alama da __declspec(dllexport). Idan babu alamar ko ɗaya, ginin zai kammala lafiya lau, amma .lib, fayil ɗin da ake haɗa shiri da DLL ta hanyarsa, ba zai fito ba, sai mai amfani ya zo haɗawa ya tarar babu abin kamawa. Maganinsa generate_export_header, umarnin CMake da ke samar muku da alamar. Akwai WINDOWS_EXPORT_ALL_SYMBOLS tun CMake 3.4, sai dai wannan rufa-rufa ce, ba ta ɗauke muku wahalar bayanan da aka ajiye a waje da ayyuka.

Sai tarkon CMAKE_BUILD_TYPE, saitin da ke zaɓar ginin gwaji (Debug) ko na rabawa (Release). Make yana jin sa, Visual Studio da Xcode kuwa ko kallonsa ba sa yi. A can sai an rubuta cmake --build build --config Release, in ba haka ba Debug za ku raba wa jama'a ba ku sani ba.

Ƙananan abubuwa kuma: ku cire cp da rm, umarnin kwafa da gogewa na Linux, ku sa cmake -E copy da danginsa. Wanda ya rubuta "Utils.h" alhali sunan fayil ɗin utils.h ne, Windows da Mac za su yi shiru, Linux ce za ta tona masa asiri. A .gitattributes ku sa *.sh text eol=lf, kada ƙarshen layi irin na Windows ya kashe muku bash.

Batun Mac, ku riƙe kuɗinku. GitHub Actions, sabis ɗin GitHub mai gini da gwaji a kwamfutocinsa, na ba da ubuntu-latest, windows-latest da macos-latest kyauta ga rumbun (repository) da ke buɗe ga kowa. In naku a rufe yake, ku lura, mintin Mac ya fi na Linux tsada nesa ba kusa ba, don haka ku taƙaita shi ga babban reshen rumbun (main branch). Ranar da ctest, mai gudanar da gwaje-gwajen CMake, ya wuce a duk ukun, kuma nm da dumpbin /exports, masu jero sunayen da laburare ke fitarwa, suka nuna sunaye iri ɗaya da na tsohon gini, ranar za ku goge build.bat.