Tambaya da Amsa: Wai kuɗin da ke kan bulokcen ba ya ɓata?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ni sana'ar albasa nake a kasuwar Mile 12, wani yaro a unguwarmu ya dame ni wai in zuba jari a wani kamfani na intanet, ribar kashi 30 cikin ɗari duk wata, wai kuɗin a kan bulokcen suke, ba mai iya sacewa kuma ko gwamnati ba ta ganinsu. Ni ban ma san mene ne bulokcen ɗin ba, shi ne Bitcoin? Don Allah a ƙara min haske kafin in taɓa jarina.
Mai karatu daga Agege

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, kuma wallahi na ji daɗi da ka tambaya kafin ka tura ko sisi.

Ka san littafin da dillali ke rubuta wa ya ɗauki buhu nawa, wa ya biya wa ya saura? To bulokcen littafi ne irin wannan, sai dai kwafinsa yana cikin dubban kwamfutoci a faɗin duniya, kuma duk shafin da aka rufe ana ƙulla shi da na bayansa, shi ya sa mutum ɗaya ba zai iya komawa ya goge ko ya canza lamba a ɓoye ba. Bitcoin da ya fito a 2009 shi ne kuɗi na farko da aka rubuta a irin littafin, amma ba shi ne littafin ba.

Inda ake yaudarar mutanenmu kuwa shi ne nan, littafin yana tsare abin da aka rubuta ne kawai, bai san gaskiya ko ƙarya ba. In ka tura wa ɓarawo kuɗinka haka zai rubuta cewa ka tura, kuma ba a maido da shi, babu manajan banki da za ka je wurinsa ka ce an yi kuskure, kaga abin da yaron ke kira tsaro shi ne ma zai hana kuɗinka dawowa. Sannan sau da yawa lambobin da kake gani suna hawa a wayarka ba ma a kan bulokcen suke ba, masu manhajar ne ke rubuta abin da suka ga dama. Mun ga irin waɗannan tsare-tsaren zuba kuɗi na intanet da suka rushe, MMM a ƙarshen 2016 da CBEX a watan Afrilun 2025, mutane suka wayi gari ba su iya cire komai, har yau raina na ɓaci in na tuna masu ƙaramin ƙarfi da suka sa kuɗin hayar gida.

Maganar wai ba a gani ma ba haka take ba, cinikin Bitcoin a fili yake kowa zai iya dubawa a intanet, suna ne kawai babu. Gwamnati kuma tana ciki tsundum, CBN, wato Babban Bankin Najeriya, ta hana bankuna hulɗa da kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, a Fabrairun 2021, ta janye hanin a Disambar 2023, dokar zuba jari ta 2025 kuma ta sa harkar a ƙarƙashin hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari.

Don haka Alhaji ka ce wa yaron nan ya nuna maka rajistar kamfanin a SEC, ka sa wanda ka yarda da shi ya duba a shafin hukumar, sannan ya faɗa maka me suke saye me suke sayarwa da har ake samun kashi 30 duk wata. Kai da ka san yadda ake wahala kafin a ci riba a buhun albasa daga Aliero zuwa Legas, in bai ba ka amsar da ta gamsar da kai ba ka bar jarinka a albasarka.